Kashi 93 da Kashi 56: Wa Ya Yi Ƙarya a Kan Star Wars?

Ranar Talata, 12 ga Disamba 2017, kamfanin Disney ya sakar wa masu sharhin fina-finai mara. Sun riga sun kalli sabon fim ɗin Star Wars, The Last Jedi, a nunin da aka shirya musu, amma bisa sharaɗin kowa ya kame bakinsa sai ranar da aka tsayar. Da ranar ta zo, sharhi ya dinga zubowa daga jaridu da mujallun Amurka da Ingila, kuma kusan bakinsu ɗaya: darakta Rian Johnson ya yi aiki. Wasu har cewa suka yi rabon da a ga irinsa a wannan jerin fina-finan tun The Empire Strikes Back na 1980. Shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara hukuncin masu sharhi ya dunƙule shi a lamba ɗaya, ya nuna kashi 93 cikin 100. Masoya suka yi ta tura wa juna lambar, waɗanda suka yanki tikitin daren farko suka ƙagu lokaci ya yi.

Ranar Juma'a, 15 ga wata, aka buɗe silima ga kowa. A shafin nan akwai gurbi na biyu, dab da na masu sharhi, inda 'yan kallo ke ba da nasu makin. Kafin a shiga sabon mako lambar da ke wannan gurbi ta sauko zuwa 56. Ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba da zamewa har ta faɗo ƙasa da 50, daga baya ta zauna a arba'in da 'yan kai.

Saɓani tsakanin masu sharhi da 'yan kallo ba sabon abu ba ne, amma an fi ganinsa a kan ƙananan fina-finai masu wuyar fahimta. Star Wars kuwa tun 1977 abin kowa da kowa ne. Shekara biyu kafin nan, The Force Awakens ya samu 93 daga masu sharhi, 'yan kallo kuma suka ba shi sama da 80. Ga kuma wani abin da ya ƙara ɗaure kai: a kwana ukun da makin 'yan kallo ke ruftawa, fim ɗin ya tara dala miliyan 220 a Amurka da Kanada, kuɗin da a lokacin fim ɗaya tak ya taɓa wucewa a makon buɗewa, wato The Force Awakens ɗin nan mai dala miliyan 248.

Fim ɗaya, shafi ɗaya, lambobi biyu da tazarar kusan maki 40. Ruwa ba ya tsami banza. Nan take aka fara neman wanda ya yi maguɗi.

Zargi na farko: an sayi masu sharhi

Masoyan da fim ɗin ya ɓata wa rai ba su ɓata lokaci ba. Suka ce Disney ya cika wa masu sharhi aljihu, ko kuma tsoro ne ya hana su faɗin gaskiya, don kada a daina gayyatarsu. Zargin yana da ƙafar tsayawa. An fara nuna fim ɗin ne ranar 9 ga Disamba a zauren Shrine da ke Los Angeles, a taro na gayyata, cike da taurari da 'yan jarida. Waɗanda suka fito daga irin wannan taro da wuya a ji sun kushe, kuma saƙonninsu na Twitter su ne yabon farko da duniya ke gani. Disney kuma ba ƙaramin kamfani ba ne. Dala biliyan 4.05 ya zuba a 2012 ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, daga hannun George Lucas, ga Marvel da Pixar duk a ƙarƙashinsa. Ɗan jaridar da aka rufe wa ƙofar Disney ya rasa rabin aikinsa.

Akwai ma abin da ya faru wata guda kafin fitowar fim ɗin. A farkon Nuwamba 2017 jaridar Los Angeles Times ta bayyana cewa Disney ya hana ma'aikatanta shiga nunin fina-finansa, saboda wani bincike da ta buga a kan hulɗar kamfanin da hukumomin birnin Anaheim, inda dandalin shaƙatawa na Disneyland yake. Wannan ya tabbatar da cewa Disney na iya amfani da gayyata a matsayin bulala.

Sai dai duk wanda ya bi labarin zuwa ƙarshe zai ga ya juya wa zargin baya. Ƙungiyoyi huɗu na masu sharhin fina-finai, na Los Angeles da New York da Boston da kuma ta ƙasa, suka fitar da sanarwa tare cewa babu fim ɗin Disney da zai shiga takarar kyaututtukansu na ƙarshen shekara sai an janye haramcin. New York Times ta ce ita ma ta daina zuwa nunin. Ranar 7 ga Nuwamba Disney ya ba da kai. Mutanen da aka ce suna rawar jiki a gaban kamfanin su ne suka tanƙwara shi makonni biyar kafin su yaba wa fim ɗinsa.

Ga hujja ta biyu. A watan Mayu na shekarar, Disney ya saki kashi na biyar na Pirates of the Caribbean, fim mai tsadar gaske, waɗannan masu sharhin kuma suka yi masa kaca-kaca, da ƙyar ya kai kashi 30. In da a kasuwa suke, ai da an saye su a can ma. Na uku, shi kansa shafin Rotten Tomatoes tun 2016 yana hannun kamfanin sayar da tikiti na Fandango, wanda a lokacin NBCUniversal ke da mafi yawan hannun jarinsa, Warner Bros. na da sauran. Dukansu kishiyoyin Disney ne a kasuwar fim.

Zargin cin hanci ya faɗi, amma binciken ya fito da wani abu game da lambar 93 ɗin kanta. Mutane da yawa na karanta ta kamar makin jarrabawa, a ce fim ya ci 93 bisa 100. Ba haka ake lissafin ba. Shafin na raba kowane sharhi gida biyu ne kawai, ya yaba ko bai yaba ba, sannan ya ƙirga. Wanda ya ce fim ɗin ba laifi da wanda ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ƙuri'a ɗaya suka jefa. Matsakaicin makin da masu sharhi suka bayar ya tsaya wajen 8 bisa 10, yabo ne na gaske, amma ba kamala ba. Da yawa daga cikinsu sun yi ƙorafin tsawon fim ɗin, minti 152, da wani ɓangare na labarin da aka kai birnin caca na Canto Bight. Waɗannan ƙorafe-ƙorafen suna cikin rubutun, ba su cikin lambar, kuma lambar ce ta yi yawo.

Zargi na biyu: asusun bogi

Da aka wanke masu sharhi, ido ya koma kan 56. Masu kare fim ɗin suka ce wannan lambar ce ta jabu. Ba a jima ba kuwa aka samu mai cewa shi ya aikata. Wani mai kula da wani zaure na Facebook mai suna Down With Disney's Treatment of Franchises and Its Fanboys ya shaida wa jaridar HuffPost cewa shi da mutanensa sun yi amfani da asusun bogi da manhaja ke sarrafawa wajen tura ƙananan maki. Bai ɓoye dalilinsa ba: yana ganin an cika fim ɗin da jarumai mata, an mayar da maza baya.

Biri ya yi kama da mutum. Ga laifi, ga mai amsa laifi, ga dalili. Amma amsa laifi ba hujja ba ce, musamman daga bakin mai neman suna, kuma mutumin bai gabatar da abin da zai gaskata shi ba. Rotten Tomatoes ya ce masu tsaron shafinsa sun duba ba su ga alamar kutse ba, kuma yawan masu ba da maki bai yi nisa da na The Force Awakens ba. A farkon 2018 zauren nan ya sake shelar cewa zai yi wa Black Panther irin wannan aiki, Facebook ya rufe shi, Black Panther kuma ya fito ya tara sama da dala biliyan ɗaya ba tare da makinsa ya rufta irin haka ba.

A watan Oktoba 2018 maganar ta sake tasowa da sabon salo. Wani mai bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Morten Bay, ya fitar da nazari a kan saƙonnin da aka aika wa Rian Johnson a Twitter cikin watanni bakwai na farko. Kanun labarai suka cika da cewa rabin masu sukar fim ɗin 'yan kanzagin Rasha ne. Wanda ya karanta alƙaluman zai ga an yi wa nazarin ƙarin gishiri. Asusu 967 Bay ya duba. Wajen ɗaya cikin biyar ne suka kushe fim ɗin. A cikin waɗannan masu kushe, kimanin rabi ne ya ga alamun ko dai na bogi ne, ko na masu tsokana da gangan, ko na masu fakewa da fim suna yaɗa manufar siyasa. Waɗanda suka yi kama da na Rasha 16 ne kacal. Kuma Twitter ya duba, ba Rotten Tomatoes ba.

Duk da haka nazarin ya bar alamu biyu masu amfani. Ta farko, ko a inda ihun ya fi ƙarfi, masu kushe tsiraru ne. Ta biyu, a cikin masu kushen akwai rabi cur da ba su da wata ɓoyayyiyar manufa, fim ɗin ne kawai bai yi musu ba. Daga baya, a 2019, Rotten Tomatoes ya yarda cewa The Last Jedi na cikin fina-finan da aka yi wa taron dangi da ƙananan maki. Wannan bai ci karo da maganarsa ta farko ba. Ba sai da manhaja ake taron dangi ba. Mutane dubu goma masu rai, kowa da asusunsa na gaske, in suka haɗa baki suka shiga suka ba da rabin tauraro, babu mai tsaron shafin da zai kira shi kutse.

Shaida ta uku, daga bakin ƙofar silima

Akwai wani ma'auni da ya girmi intanet. Tun ƙarshen shekarun 1970 wani kamfani a Las Vegas, CinemaScore, wanda Ed Mintz ya kafa, ke tura ma'aikata gidajen silima a daren da fim ya buɗe. Suna tsayawa a ƙofa suna miƙa wa masu shiga ɗan kati. A gefen katin an jera haruffa daga A zuwa F, da gurbin shekaru da na jinsi, kowanne da 'yar tsaga. Ba a buƙatar biro. In an tashi, mutum ya lanƙwasa ko ya yage gurbin da ya zaɓa, ya miƙa katin a hanyar fita. Katuna 'yan ɗaruruwa ake tarawa daga wasu birane, amma duk wanda ya riƙe kati an san ya biya kuɗi, ya zauna, ya kalla, kuma ba shi ya nemi a tambaye shi ba.

The Last Jedi ya samu A, daidai da The Force Awakens da Rogue One. Wani ma'aunin makamancinsa na kamfanin comScore ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda aka tambaya sun fito da gamsuwa.

A nan bakin zaren ya fara fitowa. Bambancin ma'aunan biyu kamar bambancin wanda ya tsaya a ƙofar gidan biki yana tambayar masu fita yadda suka ji abinci ne, da wanda ya ajiye littafi a bakin kasuwa ya ce duk mai magana a kan abincin bikin ya zo ya rubuta. Littafin zai cika, amma da wa? Da wanda aka hana nama, da maƙiyin ango, da wanda bai je ba amma ya ji labari. Wanda ya ci ya ƙoshi ya tafi gida ya kwanta.

A 2017 haka gurbin 'yan kallo na Rotten Tomatoes yake. Duk mai asusu na iya ba da maki, babu mai tambayarsa tikiti. A yi ɗan lissafi. Ko da an ƙaddara kowane tikiti a dala 11, sama da matsakaicin farashin shekarar, dala miliyan 220 na nufin mutum miliyan 20 a kwana uku. Duk waɗanda suka taɓa ba fim ɗin maki a shafin, daga ko'ina a duniya, a tsawon shekaru, ba su kai rabin miliyan ba. Wato ko mutum ɗaya cikin 40 na masu kallon makon farko ba su kai ba, kuma ba zaɓo su aka yi ba, su suka kawo kansu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Shafin na ƙirga mai kallo a matsayin wanda ya so fim ne kawai idan ya ba da tauraro uku da rabi ko fiye cikin biyar. Wanda ya ba da uku, ma'ana fim ɗin ba yabo ba fallasa, an jefa shi layi ɗaya da mai rabin tauraro. Fim ɗin da ya bar mutane da yawa a tsaka-tsaki zai sha ƙasa a irin wannan lissafi.

To, fushin ƙarya ne ke nan?

Da a nan aka rufe bincike, da an ce wasu 'yan tsiraru ne suka yi hayaniya, kowa ya watse. Amma katin CinemaScore ma yana da nasa rauni. Masu zuwa daren farko su ne masoyan da suka fi ɗoki, kuma ana tambayarsu ne kiɗan ƙarshe na kunnensu, kafin su kwana da abin da suka gani. The Phantom Menace na 1999, wanda masoya suka shafe shekaru suna yi wa ba'a, A- ya samu a darensa na farko. Haka ma biyun da suka biyo shi.

Kuɗi ma ya yi magana. A mako na biyu cinikin The Last Jedi ya faɗi da kusan kashi 68 cikin 100, alhali na The Force Awakens ya faɗi da kusan 40 ne kawai. Wani ɓangare na wannan laifin kalanda ne, don jajibirin Kirsimeti, ranar da Amurkawa ba su cika zuwa silima ba, ya faɗo ranar Lahadi. A ƙarshe fim ɗin ya tara dala biliyan 1.33 a duniya, ya fi kowane fim na 2017, amma ya gaza The Force Awakens mai biliyan 2.07 da tazara mai yawa. Kashi na tsakiya a jerin Star Wars ya saba samun ƙasa da na farko, haka aka yi a 1980 da 2002. Duk da haka, abin da ke kai irin wannan fim ƙololuwa shi ne masoyan da ke komawa kallo sau uku sau huɗu, kuma alamu sun nuna wasunsu ba su koma ba.

Don gane dalili sai an koma ƙarshen The Force Awakens. Rey, yarinyar da ta taso a hamada tana tsintar tarkacen jirage, ta hau matakalar duwatsu a wani tsibiri, wanda aka ɗauka a Skellig Michael na ƙasar Ailan. A saman dutse ta iske Luke Skywalker, gwarzon da 'yan kallo ba su gani ba tun 1983. Ta miƙa masa tsohon takobinsa na haske. Babu wanda ya ce uffan, fim ya ƙare. Shekara biyu cur masoya suna jiran abin da zai biyo baya. A The Last Jedi, Luke ya karɓi takobin, ya dube shi, ya wurgar da shi ta kan kafaɗarsa, ya wuce abinsa.

Wannan ɗan motsi ya raba zauren gida biyu. Mai sharhi, wanda ke kallon ɗaruruwan fina-finai a shekara, abin da ya fi ƙishirwa shi ne a ba shi mamaki. Da yawansu sun zargi The Force Awakens da bin sawun fim ɗin 1977 taki da taki, ga shi an samu darakta da ya ƙi bin layi. Shi kuwa mutumin da ya girma da hoton Luke a bangon ɗakinsa, abin da ya gani shi ne an mayar da gwarzonsa tsoho mai ƙunci da ya guje wa duniya. Mark Hamill, wanda ke fitowa a matsayin Luke, shi da kansa ya faɗa a hirarraki cewa da farko bai yarda da yadda Johnson ya rubuta Luke ba. Daga baya ya ce ya yi nadamar fitar da maganar fili, amma an riga an yayyanka bidiyon ana yawo da shi.

Ba nan kaɗai ba. Tsakanin 2015 da 2017 an gina wata 'yar masana'anta a YouTube a kan tambayoyi biyu: su wane ne iyayen Rey, kuma wane ne Snoke, mugun shugaban da ke bayan fage? An yi dubban bidiyo, kowa da hasashensa. Johnson ya amsa duka biyun da abin da ba wanda ya yi fata. Iyayen Rey ba kowa ba ne, matalauta ne da suka sayar da ita. Snoke kuma aka sare shi gida biyu a tsakiyar fim ba tare da an faɗi asalinsa ba. Wanda ya zuba shekara biyu a hasashe ya ji kamar da shi ake.

A nan sharhin farko ya shigo da ƙarfinsa. Mutumin da ya fito daga silima ransa a ɓace ya riga ya kwana uku yana jin cewa zai ga abin da ba a taɓa yi ba. Ya buɗe waya ya ga 93 na nan daram, ga Lucasfilm tun a Nuwamba ya sanar da bai wa Johnson sabbin fina-finai uku. A wurinsa an yanke hukunci kafin a ji ta bakinsa. Rabin tauraron da ya danna ba awon fim ba ne, martani ne ga 93, ƙoƙari ne na jawo lamba ƙasa har sai an ji shi. Shi ya sa muhawarar ta yi saurin barin abin da ke cikin fim ta koma kan wa ke da ikon cewa Star Wars ya yi kyau. Aka buɗe takardar koke a intanet ana neman a cire fim ɗin daga tarihin labarin, dubban mutane suka sa hannu. A tsakiyar 2018 wasu suka fara neman alkawarin gudummawa don a sake yin fim ɗin daga farko.

A cikin wannan turmutsutsu ne masu wata manufa suka samu mafaka. Kelly Marie Tran, 'yar asalin Biyetnam da ta fito a matsayin Rose Tico, ta sha zagi na wariyar launi da na cin mutuncin mata har ta goge hotunanta na Instagram a Yuni 2018, sannan ta rubuta abin da ya same ta a New York Times a watan Agusta. Wannan ya sa masu kare fim ɗin suka riƙa yi wa duk mai suka kuɗin goro, masu sukar gaskiya kuma suka ƙara tunzura don an haɗa su da 'yan iska. Kowane ɓangare ya ɗauki mafi munin mutanen ɗaya ɓangaren ya ce ga wakilansu.

Gwajin da ya warware komai

Bayani irin wannan yana buƙatar gwaji, kuma 2019 ta kawo shi. A watan Fabrairu, bayan an yi wa Captain Marvel ruwan kushe tun kafin ya fito, Rotten Tomatoes ya hana rubuta ra'ayi a kan fim kafin ranar sakinsa. A watan Mayu ya ƙara wani mataki: makin 'yan kallo da zai riƙa nunawa a gaba zai fito ne daga waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti, ta hanyar Fandango.

A Disamba The Rise of Skywalker ya fito, J.J. Abrams, wanda ya yi The Force Awakens, ya dawo kujerar darakta. Wanda ya kalla ya ga an warware da yawa daga abin da Johnson ya ɗaura. Rey ta zama jikar Sarki Palpatine, babban mugun fina-finan baya. An faɗi asalin Snoke. Da Rey ta wurga takobin haske cikin wuta, kurwar Luke ce ta cafe shi. Rose Tico, wadda ke cikin manyan jarumai a fim ɗin baya, fitowarta duka ba ta kai minti biyu ba, ko da yake ɗaya daga cikin marubutan ya danganta hakan da matsalar haɗa hoto.

Lambobin suka juye. Masu sharhi, waɗanda aka ce 'yan amshin shatan Disney ne, suka ba shi kashi 50 da ɗan kai. Makin 'yan kallo a Rotten Tomatoes ya tsaya a 86. Masu adawa da The Last Jedi suka ce ga shi nan, jama'a sun yi magana. Sai katin CinemaScore ya iso da B+, mafi ƙanƙanta da wani fim ɗin Star Wars na 'yan wasa ya taɓa samu zuwa lokacin, ƙasa da The Phantom Menace. Cinikinsa a duniya ya tsaya a dala biliyan 1.07, ƙasa da na fim ɗin da aka ce kowa ya tsana.

Ma'auni ɗaya ne bai canza hanyarsa ba tsakanin 2017 da 2019, wato katin bakin ƙofa, kuma shi ya ce masu kallon daren farko sun fi gamsuwa da The Last Jedi. Wannan ya ba da amsar tambayar farko. Babu lambar da ta yi ƙarya a kan abin da ta ƙirga. 93 ta ƙirga masu sharhi 'yan ɗaruruwa da suka gaji da maimaici. Makin A ya ƙirga masoya masu tikiti a daren ɗoki. 56 ta ƙirga waɗanda abin ya ci wa rai har suka nemi inda za su rubuta, haɗe da waɗanda suka zo da shirinsu. Kuskuren na masu karatu ne, da suka ɗauki kowace lamba a matsayin muryar jama'a baki ɗaya. Gaskiyar da ke ƙarƙashinsu ita ce mafi yawan masu kallo sun so fim ɗin, wasu tsiraru masu yawan gaske sun ƙi shi bisa dalilai na gaske, wasu 'yan kaɗan kuma sun hau kan wannan ƙiyayya don cimma wata buƙata.

Har yau, in gardama ta tashi tsakanin masoya Star Wars, akwai mai ɗauko hoton shafin Rotten Tomatoes ya jera arba'in da 'yan kai na The Last Jedi kusa da 86 na The Rise of Skywalker, ya ce a duba bambanci. Sabuwar ƙa'idar tabbatar da tikiti ba ta koma baya ta shafi tsofaffin fina-finai ba. An tara lamba ta farko ne lokacin da kowa ke iya shiga ya danna, an tara ta biyu bayan an sa mai gadi a ƙofa, don haka ba a kan sikeli ɗaya aka auna su ba.